Yadda kwaɗayi ya kashe taragun Miniyapolis

A shekarun 1920, kamfanin Twin City Rapid Transit yana da layin dogo fiye da mil 500 a titunan Miniyapolis da Sen Pol, tagwayen biranen jihar Minesota ta Amurka, da kewayensu. Taragunsa na lantarki, waɗanda shi ke ƙera mafi yawansu da kansa, su ke kai ma'aikaci aiki, su kai ɗalibi makaranta.

Yaɗuwar motoci ta rage masa fasinjoji, amma kwaɗayi ne ya ƙarasa shi. A 1949 wani ɗan kasuwar hannun jari, Charles Green, ya karɓe ragamarsa domin ribar gaggawa. Lauya Fred Ossanna ya ture shi, ya maye gurbin taragun da bas-bas. A watan Yunin 1954 tarago na ƙarshe ya tsaya. Aka sayar da wasu ga birnin Meziko, aka ƙone da yawa domin a kwashi ƙarfensu. A 1960 kotu ta sami Ossanna da laifin zamba a cinikin kadarorin kamfanin.

Sai a 2004 Miniyapolis ta sake buɗe layi na mil 12 kacal, wanda ya ci fiye da dala miliyan 700. Abin da jama'a suka dogara da shi, in aka damƙa wa mai neman ribar yau, jikoki ne ke biyan bashin.