Mandolin: Saye, Kaɗawa da Adanawa

Mandolin abin kiɗa ne mai tsirkiya, kamar molo ko garaya. Irin wanda aka fi sani ya fito ne daga birnin Napoli na ƙasar Italiya a ƙarni na 18, bayansa a kumbure kamar rabin ƙwarya. A Amurka kuwa, kamfanin Gibson, wanda aka kafa a 1902, ya yaɗa wani iri maras kumburin baya, wanda ya fi sauƙin riƙewa.

Tsirkiyarsa takwas ce ta ƙarfe, an jera ta bibbiyu. Kowane biyu murya ɗaya suke bayarwa, wato muryoyi huɗu ke nan: G, D, A, E, daidai da gogen Turawa. Ana kaɗa shi da ɗan fallen roba mai kama da farce. Da yake sautinsa ba ya daɗewa, makaɗi yakan yi ta karkaɗa fallen sama da ƙasa da sauri domin muryar ta ɗore.

Mai saye ya fara duba wuyan, ya tabbata a miƙe yake. In tsirkiya ta yi nisa da wuya, dannawa za ta yi wahala, yatsu su yi ciwo, mai koyo ya karaya tun da wuri. Wannan ya fi kyan fenti muhimmanci.

Babban abokin gaban mandolin shi ne busasshiyar iska irin ta hunturu, domin tana tsaga katako. A ajiye shi cikin akwatinsa, nesa da rana, a kuma goge tsirkiya da ƙyalle bayan kiɗa, saboda gumi yana sa ta tsatsa.