Darar Turawa: Ranar da Sarauniya ke Ɓata Wasa

Mai buga dara a ramukan yashi burinsa ya jera uku ya ci ɗan abokin wasa. Darar Turawa, wato ces, tana da wani tarko na daban. Idan aka matse sarkin abokin karawa har ya rasa inda zai taka, ba ya cikin farmaki, kuma ba shi da sauran ɗan da zai motsa, wasa ya tashi kunnen doki. Duk rinjayen da aka tara ya bi ruwa.

Sojan da ya kai layin ƙarshe yakan zama sarauniya. Amma a 1895, a birnin Glasgow, wani limamin coci ɗan Sifen, Fernando Saavedra, ya duba wani wasa da jarida ta ce canjaras ne, ya gano akasin haka. Idan farin soja ya zama sarauniya, baƙi zai miƙa hasumiyarsa a cinye, sarkinsa ya maƙale a kusurwa, wasa ya tashi kunnen doki. Saavedra ya zaɓi sojan ya zama hasumiya, wadda ba ta tafiya a karkace, don haka sarkin baƙi ya samu wurin takawa. Motsi kaɗan bayan nan, dole baƙi ya rasa hasumiyarsa ko sarkinsa ya mutu.