Bakin kasuwa ya zo ɗaya, amma wa ya haɗa shi?

Ƴan uwa ƴan kasuwa, a da in magana ta tashi a Kasuwar Dole ta Damagaram ko Katako ta Yamai, mun san mai ita: direban da ya sauka daga Kwanni, ko dillalin albasa da ya kwana a Galmi. Yau salula ke kawo ta. A Facebook da TikTok akwai na'ura mai ƙirƙirarriyar basira da ke lura da abin da muka fi kallo, sai ta ƙaro mana irinsa. Mai fargabar tsadar hatsi, labarin tsada zai yi ta gani.

Akwai kuma wata na'urar mai irin wannan basira da har murya da fuska take kwaikwayo. A watan Mayun 2025 an baza bidiyon Fafaroma Leo na 14 yana yi wa Kyaftin Ibrahim Traore na Burkina Faso jawabi. Fadar Batikan ta ce haɗi ne, bai taɓa yin sa ba.

A gidan rediyo muna ganin haka. Masu saurare goma su kira mu da magana ɗaya, in muka bi sawu sai mu tarar duk saƙon murya guda suka ji. Ke nan shaida ɗaya ce, ba goma ba.

Don haka Hajiya mai gero, kafin ki ɓoye buhu ko ki karya kuɗin tiya saboda "kowa na faɗi", ki tambayi wanda ya ci kasuwar da ƙafarsa. Gani ya kori ji, kuma in asara ta zo, jarinki za ta ci.