Masu Dasa Gajimare A Cikin Hoto

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin Dutsen Dala ko Dutsen Zuma cikin hunturu, ya ɗauki hoto, ya san irin takaicin da yakan biyo baya. Dutse ya fito sarai, itatuwa da gidaje sun fito, amma sararin sama ya zo fari fat, sai ka ce bangon da aka shafe da farar ƙasa. A zamanin yau wannan ba ya hana kowa barci, domin kuwa da kwamfuta ko wayar hannu mutum yana iya ɗebe wannan farin sama ya dasa shuɗi mai gizagizai a madadinsa, kafin ƙiftawar ido. To, amma abin tambaya shi ne, hoton da aka yi wa haka, shin har yanzu shaida ne, ko kuwa ya zama zane?

Wannan gardama ba yau aka fara ta ba. Kusan tare aka haife ta da sana'ar ɗaukar hoto kanta.

ASALIN MATSALAR

A cikin 1851 ne wani Bature ɗan Ingila, Frederick Scott Archer, ya fito da dabarar ɗaukar hoto a kan gilashin da aka shafa wa magani, a ɗauka tun maganin yana ɗanye. Dabarar ta karɓu ƙwarai, sai dai tana da aibi guda. Maganin nan ya fi jin shuɗin haske a kan sauran launuka, sama kuwa cike take da shi. Saboda haka idan mai hoto ya buɗe idon na'ura har tsawon lokacin da ƙasa da itatuwa za su kama, to, kafin nan haske ya riga ya cinye sama, gajimare ya ɓace. Idan kuma ya gaggauta rufewa don sama ta fito, sai ƙasa ta zo baƙi ƙirin. Watau dai dole ya zaɓi guda, ko sama ko ƙasa.

Wanda ya yi suna wajen warware wannan ƙulli shi ne Gustave Le Gray, mutumin Faransa. Tsakanin 1856 da 1857 ya fito da hotunan teku waɗanda suka ba jama'ar Landan da Faris mamaki, gama ga igiyar ruwa tana tashi, ga kuma gizagizai sun yi jere a samanta, duka a takarda guda. A cikin da yawa daga hotunan nan, abin da ya yi shi ne ya ɗauki teku a gilashi ɗaya, ya ɗauki sama a wani gilashin dabam, sa'an nan a ɗakin wanke hoto ya haɗa su a daidai layin da ruwa ya sadu da sama.

Amma fa ramin ƙarya ƙurarre ne. Daga baya masu bincike sun jera hotunansa, sai suka tarar da gajimare guda, bai sake kama ba, yana rataye a kan tekuna dabam-dabam. Sauran masu hoto na wancan zamani su ma haka suka riƙa yi, kowa da tarin gilasan gajimarensa a ajiye, in an kawo hoto mai busasshiyar sama sai a zaɓo wanda ya dace a liƙa. Shi kuwa Le Gray bashi ya kore shi daga Faransa a 1860, ya ƙarasa rayuwarsa a Alƙahira, ya rasu a 1884. A 1999 aka yi gwanjon hotonsa na babbar igiyar ruwa a gaɓar garin Sète a kan fam 507,500 a birnin Landan.

FITO DA ABIN DA YAKE NAN

Da tafiya ta yi tafiya sai masana suka gyara maganin. A 1873 wani Bajamushe, Hermann Vogel, ya gano cewa in an zuba masa rini yakan ji wasu launukan, kuma daga 1906 aka fara sayar da gilasan da suke jin dukkan launuka. Daga nan mai hoto ya sami sauƙi. Yana iya ɗora jan gilashi ko rawaya a bakin na'ura, shuɗin sama ya yi duhu, farin gajimare ya fito ƙal. Haka kuma wajen wankewa yana iya tare haske da hannunsa daga wani sashe, ya bar shi ya daɗe a kan wani sashen.

Babban gwanin wannan aiki shi ne Ansel Adams na Amurka. A 1941 ya ɗauki hoton wata yana fitowa a kan wani ƙauye mai suna Hernandez a jihar New Mexico. Hotunan da ya wanke da farko samansu da ɗan haske, amma shekara bayan shekara ya dinga ƙara mata duhu, har ta koma baƙa, wata da kaburburan ƙauyen suna walƙiya a ƙarƙashinta. Sai dai a lura, Adams bai aro wata daga wani dare ba, bai kuma kawo gajimaren wani gari ba. Abin da yake cikin fim ɗinsa tun ranar da ya ɗauka, shi ya yi ta fitarwa. Nan ne hanyarsa ta rabu da ta Le Gray.

IDAN HOTO YA ZAMA SHAIDA

Muddin hoto na ado ne, ba wanda zai ta da jijiyar wuya. Rigima tana tasowa ne sa'ad da aka ce wa jama'a ga abin da ya faru. A 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, gwamnatin Ostireliya ta tura Frank Hurley fagen fama a Beljiyam don ya ɗauko hotunan sojojinta. Hurley ya ga hoto guda ba ya iya ɗaukar girman bala'in, sai ya shiga haɗa gilasai, ya kawo hayaƙin bom daga nan, jiragen sama daga can, ya ɗora gajimare mai ban tsoro a bisa. Charles Bean, wakilin da aka ɗora wa alhakin rubuta tarihin yaƙin, ya ce sam, wannan jabu ne. Gardama ta yi zafi har Hurley ya nemi ya ajiye aiki, kafin a yarda masa ya nuna 'yan kaɗan daga cikinsu a Landan a 1918.

Kusan shekara casa'in bayan haka sai ga irin wannan magana ta sake tasowa. A watan Agusta na 2006, lokacin yaƙin Isra'ila da Hizbullah, aka gano cewa wani mai hoto da yake aika wa kamfanin dillancin labarai na Reuters aiki ya ƙara yawan hayaƙin da ya turnuƙe saman birnin Bairut da kwamfuta. Abin da ya tona asirin shi ne curin hayaƙi iri ɗaya da ya yi ta maimaita kansa a cikin hoton. Kamfanin ya raba gari da shi, ya kuma janye hotunansa 920 daga taskarsa. Harin dai an kai shi, ba ƙarya, amma wannan ɗan ƙari ya jawo shakka har a kan hotunan da ba a taɓa ba.

Shi ya sa manyan gidajen labarai suka tsai da ƙa'ida: a gyara haske da duhu daidai gwargwado, amma kada a ƙara abin da babu, kada kuma a cire abin da yake akwai. Ƙa'idar ta ƙara zama wajibi tun daga 2020, shekarar da aka sa wa manhajar Photoshop dabarar sauya sama da latsawa guda. Aikin da ya ci wa Le Gray yini, yanzu yaro ma yana yi.

Mai karatu yana iya kama hoton da aka dasa wa sama idan ya natsu. Ya duba inuwa, ko ta faɗi a ɓangaren da ya dace da inda rana take. In akwai tafki ko kogi, ya duba ko gajimaren da yake sama ya bayyana a cikin ruwan. Ya kuma duba gefen ganyen itatuwa da wayoyin lantarki, gama nan ne ɗinkin yakan nuna.

Hausawa suka ce gani ya kori ji, kuma a kan wannan amana ce darajar hoto ta tsaya. Farin saman hunturu ba kuskuren na'ura ba ne. Ƙura ce ta gaske, wadda iska take ɗaukowa daga hamada, da yawanta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, ta lulluɓe ƙasar Hausa daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Ita ce take hana jirgi sauka, take sa yara tari, take fasa leɓe. Wanda ya share ta ya sa shuɗin damina don hoton bangon ɗakinsa, bai cuci kowa ba, in dai ya faɗa. Amma wanda ya kai irin wannan hoto jarida ko kotu, ko ya ajiye wa jikoki a kan cewa haka Kano take a watan Janairu, to, ya ba da shaidar zur, ko da kuwa bai buɗe baki ba.