Intanet Mai Zuwa Da Ɗaukewa: Yadda Muka Gano Matsalar A Gidanmu Na Maamobi

Da yawa cikinku ba su manta da ranar 14 ga Maris, 2024 ba, cikin kwanakin farko na azumi, lokacin da manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a lokaci guda. Daga Nima har Maamobi da sauran unguwannin Ankara aka wayi gari ba a iya kiran 'yan'uwa da ke Amurka ko Jamus, hukumar sadarwa ta Gana kuma ta sanar cewa gyaran zai ci aƙalla mako biyar. Tun daga wannan lokaci, da zarar intanet ya ɗauke a gida sai mu ɗora laifin a kan teku ko a kan kamfani. Sau da yawa kuwa matsalar tana cikin ɗakinmu, kamar yadda muka gani da idonmu.

Ɗiyarmu ta kammala sakandare, ta sayi lambar cike takardar neman shiga jami'a, ranar rufewa kuma ta ƙarato. Da rana tana taimakon mahaifiyarta a wurin sana'a, saboda haka sai bayan magariba take samun zama gaban kwamfuta. Kwamfutar tsohuwa ce, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, mun saye ta a hannun wani mai gyara. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, alamar Wi-Fi a cike take, wayoyin kowa a gidan suna aiki lafiya lau, amma kwamfutar sai ta ƙi buɗe shafi. Can wajen isha'i sai ta dawo kamar ba ita ba, bayan rabin sa'a kuma ta sake ɗaukewa. Sau uku yarinyar tana cike shafin sakamakon jarrabawarta yana ɓacewa. Mun ƙara sayen data, mun matsar da rauta kusa da taga, har mun fara shawarar sayen sabuwa.

Wani matashi maƙwabcinmu da ya karanci harkar ne ya hana mu ɓarnar kuɗi. Ya ce da mu: "Baba, kafin a sayi magani a fara sanin inda ke ciwo." Ya fahimtar da mu cewa cikar alamar Wi-Fi tana nuna kwamfuta na jin muryar rauta ne kawai, kamar yadda rediyo ke kama tasha. Kafin saƙo ya fita ya dawo, sai kowace na'ura ta sami lambarta ta kanta, wadda ake kira adireshin IP. Rauta ce ke rabon waɗannan lambobi aro, ta hanyar tsarin da ake ce wa DHCP, kamar mai gidan haya da ke ba kowane baƙo lambar ɗaki. A yawancin gidaje lambobin kan fara da 192.168.

Gwajin da ya yi kowa zai iya yi. A kwamfuta mai Windows ana rubuta cmd a wurin bincike, baƙin allo ya buɗe, sai a rubuta ipconfig. Nan za a ga lambar kwamfutar da ta rauta, wadda ita ce ƙofar fita. Idan lambar kwamfuta ta fara da 169.254, to ba daga rauta ta fito ba: Windows ce ke laƙa wa kanta ita idan ta rasa adireshi mai amfani, kuma ba ta kai mutum ko'ina. Daga nan sai a rubuta ping tare da lambar rauta, a ƙara -t domin gwajin ya ci gaba har lokacin da matsalar za ta auku. In amsa ta yanke a nan, laifin na cikin gida ne. In rauta na amsawa, sai a gwada ping 8.8.8.8, wata na'urar kamfanin Google. Rashin amsa daga can ne ke ba mutum hujjar kiran kamfanin sadarwarsa. In kuwa duka biyun suna amsawa amma shafuka ba sa buɗuwa, to mai fassara sunayen shafuka zuwa lambobi, wato DNS, shi ya gaza, kuma ana iya sauya shi da 8.8.8.8 ko 1.1.1.1.

Tamu ta tsaya tun a matakin farko, domin 169.254 muka gani. Da ya rubuta ipconfig /all sai ga bayani ya fito: an kashe DHCP a kwamfutar, an kafa mata lamba guda da hannu, mai yiwuwa a shagon gyara, aka manta ba a cire ba. Rautarmu ba ta san da wannan ba, ta riga ta ba wayar ƙanenmu wannan lamba, kuma kullum ya dawo daga kasuwa ita take sake ba shi. Baƙi biyu ke nan a ɗaki ɗaya, ita kuwa Windows in ta tarar wani na riƙe da lambarta sai ta janye. Shi ya sa intanet ke dawowa wajen isha'i: Kawun yaran ya fita masallaci da wayarsa a aljihu, yarinyar kuma ba ta daina kashe Wi-Fi tana kunnawa ba. Mun yi dariya ƙwarai, ko da yake shi bai ji daɗin a ce wayarsa ce ta kwana huɗu tana hana 'yarsa barci ba. Gyaran bai kai minti biyu ba. An shiga saitin IPv4 na Wi-Fi, aka zaɓi kwamfutar ta riƙa karɓar adireshi daga rauta da kanta.

Ba kowane gida ne zai tarar da irin tamu ba. A unguwa mai cunkoso irin Maamobi, inda gida ɗaya ke ɗauke da iyalai masu yawa, rautoci kan yi ta shiga muryar juna a zangon 2.4 GHz, wanda tashoshi uku kacal, 1 da 6 da 11, ke zaune a cikinsa ba tare da sun hau kan juna ba. Sauya tasha kan taimaka, haka ma komawa 5 GHz, sai dai shi bangon siminti da ƙofar ƙarfe suna saurin raunana shi. Ƙananan rautocin aljihu kuma suna da iyakar na'urorin da za su ɗauka, galibi goma ko sama da haka kaɗan, kuma mun san yadda kalmar sirri ke yawo daga ɗaki zuwa ɗaki. A ganinmu sauya ta lokaci zuwa lokaci ba rowa ba ce. Akwai kuma saitin tattalin batir da ke kashe Wi-Fi na kwamfuta, da zafin da ke sa rauta ta kashe kanta ta sake tashi idan an ajiye ta ƙarƙashin rufin kwano ko a kan talabijin, da cajar da ta fara mutuwa saboda yawan ɗauke wuta.

Matashin ya bar mana shawara guda: duk wanda intanet ɗinsa ke zuwa yana ɗaukewa ya ajiye takarda kusa da kwamfuta na kwana uku, ya riƙa rubuta lokacin da ya ɗauke, da wanda ya shigo ko ya fita, da ko wayoyi ma sun ɗauke tare. Ɗiyarmu dai ta tura takardarta a daren nan, saura kwana biyu a rufe, Kawunta na zaune a gefenta da wayarsa a hannu.