Sana'ar gina shafin intanet: darussan da matasanmu suka koya a fagen aiki

Jama'a, a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, yanzu ba abin mamaki ba ne ka ga matashi zaune da kwamfuta yana cewa aiki yake yi, alhali ba shi da ofis, ba shi da maigida. Wasu iyaye na ɗauka wasa ne. To, sana'a ce: gina shafin intanet ga ƴan kasuwa, makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyi. Sai dai waɗanda suka daɗe a ciki za su gaya maka cewa iya aikin shi ne ɓangare mai sauƙi. Abin da ke kayar da mutum shi ne ciniki da amana.

Da farko mu fahimci abin da ake sayarwa. Shafin intanet kamar rumfa ce a kasuwa. Akwai sunan rumfar, wato adireshin da ake rubutawa a same ka, mai ƙarewa da .com ko .ne, wanda shi ne na Nijar. Akwai kuma filin da rumfar ke zaune, wato wurin ajiye shafin. Duka biyun haya ce, galibi ta shekara. Ranar da aka daina biya, shafi ya rufe, sunan ma wani na iya saye. Rigima da yawa daga nan take farawa: mai shago ya biya sau ɗaya, ya ɗauka ya saya har abada, bayan wata 12 a ce ya kawo kuɗi, sai ya ga kamar an cuce shi. Darasi na farko ke nan: a faɗi maganar hayar tun ranar ciniki.

Na biyu, a rubuta. Ko ɗan'uwanka ne, ku sa a takarda: shafuka nawa, gyara sau nawa, yaushe za a gama. In ba haka ba, yau a ce sake launi, gobe ƙara hoto, aikin sati 2 ya ci wata 3 a kan kuɗi ɗaya. Sannan kafin alƙalami dole ne. A ce an yi ciniki jika 200, a karɓi rabi kafin a fara, sauran ranar miƙa aiki. Wanda ya ƙi ba da kafin alƙalami, da wuya ya biya cikon.

Na uku ya shafe ku, ƴan'uwa mazauna waje, da ke aiko kuɗi ta Nita ko Amana don a yi wa ƙungiyar garinku ko shagon gida shafi. Ku tabbatar an yi rajistar sunan shafin da sunanku, kalmomin sirri kuma suna hannunku. In yaron ya tafi karatu ko kuka ɓata, kada ya tafi da makullin rumfa. Shi ma mai aikin, miƙa makulli ba asara ba ce, shi ke sa a sake kiransa.

Na huɗu, a gina wa mutanenmu. Mafi yawan masu buɗe shafi da salula suke buɗewa, da ɗan megan da suka saya. Shafi mai manyan hotuna ya cinye megan bai buɗe ba, mutum ya fita ba zai dawo ba. A rage nauyi, a sa farashi a fili, a sa wurin da za a latsa a shiga WhatsApp, tunda da yawa sun fi son aika murya. Wani lokaci ma mai sayar da kilishi ba shafi yake bukata ba, WhatsApp Business ya ishe shi. Faɗa masa gaskiya. Ranar da kasuwarsa ta girma, kai zai nema.

Sai maganar wuta. Duk mun tuna 2023, lokacin da Najeriya ta katse mana lantarki bayan juyin mulki. Mai wannan sana'a da bai tanadi sola ko batir ba, alkawarinsa yana hannun wuta. A ƙara kwanaki a kan wa'adi, a kuma ajiye kwafin aiki a wuri biyu.

A ƙarshe, aikin nan kamar noma ne, akwai kaka akwai rani. Wata guda ayyuka uku, wata biyu shiru. Masu dabara kan ƙulla yarjejeniyar kula da shafi, ana biyansu kaɗan-kaɗan kowane wata. Wanda kuma ke son aiki da manyan ƙungiyoyi, ya yi rajista ya samu lambar haraji ta NIF, don ba sa biya sai da takardar kuɗi ta ƙa'ida.

Iyaye, in ɗanku ya kama wannan hanya, kada ku tsaya kan tambayar nawa ya samu. Ku tambaye shi: ka rubuta? Ka karɓi kafin alƙalami? Allah ya sa wa nema albarka.