Abin da ya kamata ku sani game da harshen Afirkans

Mene ne Afirkans?

Harshe ne da kusan mutum miliyan 7 suka tashi da shi a Afirka ta Kudu, kuma ana jin sa sosai a Namibiya. Da yawa sun ɗauka harshen Turawa ne zalla. Ba haka ba ne: yawancin masu shi ba fararen fata ba ne.

Daga ina ya samo asali?

A 1652 wani kamfanin fatauci na ƙasar Holan ya tura Jan van Riebeeck ya kafa zango a inda birnin Cape Town yake yanzu, domin jiragen ruwa su riƙa yin guzuri. Sun tarar da 'yan ƙasa makiyaya, Khoikhoi, sannan suka kwaso bayi daga Indunusiya, Indiya, Madagaska da Mozambik. Kowa da yarensa, ga aiki ya haɗa su, dole a fahimci juna. Sai aka kama harshen Holan ana sassauta shi.

Idan kun taɓa sauraron ciniki a kasuwar Jega, inda Bazabarme da Badakkare da Bayarabe ke daidaitawa da Hausa, kowa da karin bakinsa, to kun ga mafarin irin wannan al'amari. Bambancin kawai, a Cape Town 'ya'ya sun taso ba su da wani harshe sai wannan sassautaccen harshen Holan.

Yaya dangantakarsa da harshen Holan?

Ta uwa da ɗiya ce. Kimanin kashi 90 cikin 100 na kalmominsa daga can suke, shi ya sa mutumin Holan kan karanta jaridar Afirkans ya gane. Amma nahawunsa, wato ƙa'idar jera magana, ya fi sauƙi. A harshen Holan kalmar aiki tana sauya siffa gwargwadon mai yin aikin. A Afirkans siffa ɗaya ce ga ni da kai da su. Wajen kore magana kuwa sau biyu ake sa "nie", kamar yadda muke cewa "ba ... ba".

Ina ruwan Musulmi a ciki?

Nan ne abin zai fi ba ku mamaki. Lokacin da masu mulki ke raina shi suna ce masa harshen madafa, Musulmin Cape Town sun riga sun fara rubuta shi da haruffan Larabci a makarantunsu, wato Ajami, irin wanda malaman Gwandu da Sakkwato suka rubuta Hausa da Fulatanci da shi. Malam Abubakar Effendi, wanda Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta aiko, ya wallafa littafin fiƙihu, Bayanud Din, aka buga shi a Istanbul a 1877. Sai a 1925 gwamnati ta amince da Afirkans a matsayin harshen hukuma.

Me ya sa wasu ke ƙyamarsa?

Saboda gwamnatin wariyar launin fata ta mayar da shi sandar duka. Ta tilasta wa yaran baƙar fata karatu da shi, ɗalibai suka fito zanga-zanga a Soweto ranar 16 ga Yuni, 1976, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka rasa rayuka masu yawa. Laifin na masu tilastawa ne, ba na harshen ba. Yau yana cikin harsunan hukuma 12 na ƙasar.

Wane darasi za ku ɗauka?

Kada ku raina harshe don talakawa ke magana da shi. Sakkwatancin da kuke yi a Kimba, Aliero da Maiyama dukiya ce: ku koya wa yara, ku kuma rubuta shi.